Mode Bahago da Sallamar da Bai Yi Ba

A unguwar Gidan Dare, a zamanin da ayarin raƙuma ke shigowa Sakkwato daga arewa da gishiri da takarda da alharini, babu wanda bai san Mode mai saƙar kwando ba, kuma babu wanda bai san lalurarsa ba. Da zarar an ce fatake sun sauka a zango, ko wani alhaji ya dawo gida, sai Mode ya soke basilla a jikin kwandon da yake ɗinki, ya kakkaɓe riga, ya ja ƙafarsa mai ɗingishi ya nufi can. Ba saye yake zuwa yi ba, don bai taɓa riƙe abin saye ba. Tambaya ɗaya yake kai wa kowane baƙo, har masu sauke kaya suka haddace ta suna riga shi faɗa: "Kun biyo ta Kwarin Kanwa na ƙasar Masar? Kun ga wani Banasare da aka ce ma Tadurus?"

Amsar ma ɗaya ce kullum. Wani ya ce ta Barno ya bi, wani ya ce ta teku, wani ya ce ya ji sunan wurin amma ayarinsu ya ratse masa. Sai Mode ya yi godiya, ya koma gida ya zare basillarsa. Abin da yake neman mai kai masa ba kaya ba ne. Sallama ce. Ya rabu da mutumin da ya cece shi bai ce masa na gode ba, bai ce masa mu yafi juna ba, kuma wannan abu ya tsaya masa a wuya tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari fat. Wanda bai san mutanenmu ba zai ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. To, a wurinmu ko kasuwar Dundaye mutum zai tafi sai ya sallami na gida, balle rabuwar da ba a sa ran sake gamuwa.

Mode bahago ne tun haihuwa. Ubansa Yari, wanda shi ma saƙar kaba ce sana'arsa, ya yi duka ya gaji, ya ɗaure masa hannun hagu da tsumma ya gaji. Ya dai ci nasara a wajen tuwo, don Mode ya koma ci da dama, amma basilla ta ce ita da hagu za ta zauna. Idan aka saƙa kwando aka gama, akan kewaye bakinsa da ɗinki don kada ya warware, shi ne dajiya. Dajiyar kowa tana kwantawa ta dama, ta Mode kuwa ta hagu take kwantawa. Ƙarshen zaren ma, maimakon ya cusa shi ciki ya ɓace kamar yadda ake yi, hannunsa ba ya iya juyawa ta nan, sai ya ƙulla shi waje ya bar ɗan kunne. Yari yakan ɗaga kwandon ɗansa a gaban mutane ya ce, "Ku duba aikin baibai. Wa za shi sayen wanga?" Haka Mode ya tashi yana jin kunyar hannunsa.

Da ya zama saurayi, kawunsa Junaidu, ƙanen uwarsa kuma falke mai ɗan hali, ya yi niyyar hajji ta hanyar Sahara. Ya ce a ba shi Mode, don ayari ba ya rasa igiyar da ta tsinke ko mangalar da ta yage. Mode ya yi murna har ya kasa cin abinci. Suka bi ta Azbin, suka yi zaman jira a Murzuk, suka miƙa gabas, tafiyar da ta cinye kusan shekara. Ashe tun daga wani tafki na ƙasarmu ya sha ruwan kurkunu bai sani ba. Tsutsar nan ba ta gaggawa. Sai da suka kusa birnin Masar, Makka ta fara ƙamshi, sannan idon sawunsa ya kumbura, ya yi ƙuruji, ya fashe, farin kanta ya leƙo. Zazzaɓi ya rufe shi, ko zaman raƙumi ya gagara.

Inda abin ya kayar da shi wani kwari ne mai tafkunan kanwa, fari fat, babu gari babu ƙauye. Abin da ke wurin kawai wani gida ne mai doguwar ganuwa, na wasu Nasara Kibɗawa waɗanda suka bar aure da dukiya suka shige can don ibada. Larabawa suna ce musu ruhubanawa. Saboda tsoron mahara ba su cika buɗe ƙofa ba. Daga kan ganuwa suke zuro igiya da kwando, su ba matafiyi gurasa da ruwa, ba sa tambayar addininsa. Junaidu ya ɗaga kai ya roƙe su da ɗan Larabcinsa, sannan ya durƙusa kusa da ɗan 'yar'uwarsa.

"Mode, in munka tsaya, hajjin bana ta wuce mu duka. Ka yi hanƙuri. In Allah yam maishe mu, ta nan za mu biyowa mu ɗauke ka."

Aka zuro wani ƙaton kwando, aka naɗe Mode a ciki, aka ja shi sama. Yana lilo tsakanin sama da ƙasa yana kuka, yana kallon ayari na tafiya Makka ba da shi ba. Duk da haka, don a san sana'a ba ta barin mutum, sai da ya shafa bakin kwandon ya ji dajiyarsa ta fara warwarewa, ya ce a ransa lalle mutanen nan ba su iya aiki ba.

Wanda ya tarbe shi a saman ganuwa wani siririn mutum ne mai baƙar riga duk faci, gemunsa ya fara furfura, idonsa ɗaya na da hakiya. Shi ne Tadurus. Mode bai taɓa ganin Banasare ba sai a karatu, don haka ya ƙudurta ba zai ci ba ba zai sha ba, kada a ba shi haram ko a juya masa zuciya. Da rana ta karkata, yana kwance a wani ɗan ɗaki yana waige-waige, ya rasa inda gabas take, ga azahar na wucewa. Tadurus ya tsaya ya dube shi, ya fita, ya dawo da tulun ruwa da guntun gawayi. Ya ajiye ruwan kusa da shi, ya ja layi a bango, ya nuna da yatsa ya ce, "Makka." Ya fita ya ja masa ƙofa. Mode ya yi sallarsa a zaune, da aka kawo gurasa da wake kuma ya cinye tas.

Jinyar kurkunu aikin mai haƙuri ce. Ana naɗe kan tsutsar a tsinke, kullum a ja kaɗan, in ta ƙi a bar ta sai gobe. In aka yi garaje ta tsinke a ciki, ƙafa na iya ruɓewa. Mode ya kwatanta yadda ake yi a gida, Tadurus ya saurara kamar ɗalibi. Kowace safiya in ya fito daga ibadarsu sai ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafar Mode a cinyarsa, ƙafar da shi mai ita ma ba ya son jin warinta, ya wanke, ya murza tsinke a hankali. Mutum ne da a shekaru ya haife shi, amma bai taɓa yatsina fuska ba. Mode yakan kau da kai don kunya.

Da ya fara samun sauƙi sai hira ta ɓarke, da Larabcin allo na Mode da na bakin Tadurus, inda ya ƙare a cika da hannu. Sana'ar gidan saƙar ganyen dabino ce, sai ga shi sun haɗu a wurin da babu buƙatar harshe. Suna saƙa, Tadurus na ba shi labarin tsofaffin farko, waɗanda suka zauna a kwarin tun kafin zuwan Musulunci, waɗanda ya ce duk abin da ya sani guntun nasu ne. Ya ce sun koyar cewa in kana da gurasa biyu, ɗaya ce taka, ta biyun ajiya ce aka ba ka, mai ita yana kan hanya. Ya ce dukiya ba mugun abu ba ce, amma tana son a kwana ana gadinta, shi kuwa yana da abin da ya fi so ya kwana yana tunawa. Ya ce in an zarge ka, ko da gaskiya ko da ƙarya, fara da "yafe mini", daga baya a yi bincike. Maganar wanda ba ya nan kuwa, da an ɗauko ta sai Tadurus ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Abin da ya fi ɗaure wa Mode kai cinikinsa ne. In Larabawan daji suka zo gindin ganuwa sayen kwanduna, Tadurus yakan faɗi kuɗi sau ɗaya, abin da zai sayi hatsi da mai, ya yi shiru. In sun ba da haka ya karɓa, in sun rage ma ya karɓa. Mode, ɗan kasuwar Sakkwato, inda ko a kan allura sai an yi ta albarka ana ja-in-ja har rana ta take, ya ji kamar ya diro daga ganuwar ya karɓi cinikin. Ya ce, "Baba, ai cutarka suke yi." Tadurus ya ce ya sani, amma in ya tsaya ja da su zai kwana da fushi, su kuma su kwana da rantsuwar ƙarya, ragin bai kai wannan tsada ba.

Wata rana Mode ya ɗauko ƙaton kwandon nan da aka jawo shi da shi, ya ce bari ya gyara bakinsa kafin ya kayar da wani. Ya yi masa dajiya irin ta gida, mai ƙarfi. Da ya gama sai kunya ta kama shi, ya rufe ɗinkin da tafin hannu, ya ce aikin bahago ne, a baibai yake, ubansa ma ba ya son gani. Tadurus ya janye hannun, ya kai kwandon kusa da idonsa mai gani, ya ja bakin da ƙarfi bai motsa ba. Ya sa yatsa a ɗan kunnen, ya rataye kwandon a ƙusa, ya yi dariya. Ya ce, "Koya mini." Ya zauna a gefen Mode, kafaɗa da kafaɗa, ya mayar da basilla hannun hagu, ga shi ba bahago ba, yana soke yatsa yana sakewa. Mode ya ce ai sai ya yi da dama, ɗinkin ya miƙe daidai. Tadurus ya ce a'a, yadda malaminsa ya yi haka zai yi. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa ce wa Mode malami ba, balle a kan hannun da ya sha duka dominsa. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ganyen dabino.

Akwai abu ɗaya da Tadurus ke tsoro, ya kuma faɗa wa Mode. Babban limaminsu na birnin Masar ya daɗe yana so a ɗora masa hannu a ka a naɗa shi limami, ya riƙa tsayawa gaban jama'a. Mode ya ce wannan ai abin murna ne. Tadurus ya girgiza kai. Ya ce tsofaffin farko sun ce mai limanci tulun ruwan mutane yake ɗauke da shi, in ya yi tuntuɓe ba shi kaɗai zai kwana da ƙishirwa ba. Ya ce wanda ke son abin bai san nauyinsa ba, wanda ya san nauyinsa kuma ba zai miƙa wuya da sauƙi ba. Shi da bai gama da zuciyarsa guda ɗaya ba, ina shi ina zukatan jama'a?

Kwanci tashi tsutsa ta fita duka, rauni ya rufe, sai ɗingishi da ya rage. Ran nan da hantsi sai ga manzannin babban limamin a kan jakuna daga birni, da farar rigar limanci a naɗe. Aka nemi Tadurus sama da ƙasa babu shi. Ya sulale ta ƙaramar ƙofa ya shige kogunan da ke bayan tafkuna, inda ko 'yan'uwansa ruhubanawa ba su san ramin da ya zaɓa ba. Suka ce kada Mode ya damu, ya taɓa yin haka, in manzanni sun gaji sun tafi zai fito.

Manzanni ba su kai ga gajiya ba sai ga ayarin Junaidu ya dawo daga Makka. Ruwa ya yi musu ƙaranci, madugu ya ce ba za a kwana ba. Mode ya roƙi kawunsa kwana ɗaya tak, Junaidu ya ce ba shi da iko da ayari, wanda aka bari a nan kuwa sai wata shekara, in ma an samu masu zuwa. Mode ya fita yana ɗingishi a kan farar kanwa, yana kiran "Baba Tadurus! Baba Tadurus!" har muryarsa ta dushe. Babu amsa. Ko bai ji ba ne, ko ya zaci dabarar manzanni ce, Allah kaɗai ya sani. Ya koma ɗakin, ya soke basillarsa a kwandon da suka fara tare ba su gama ba, ya bar ta nan. Aka ɗora shi a raƙumi, fuskarsa na baya, yana kallon ganuwar har ta nutse a cikin rairayi.

Haka ya dawo Sakkwato, bai ga Makka ba, bai sallami mai jinyarsa ba. Mutanen Gidan Dare, da ba sa barin abin tsokana ya wuce su, suka sa masa Alhajin Kanwa. Ya amsa, bai taɓa fushi ba. Ya auri Kulu, 'yar wani manomi na Dundaye mai goruba da yawa a gona, don haka kaba ba ta taɓa yanke masa ba. Suka haifi Tukur da Atika. Ya zauna a zaurensa yana saƙa, dajiyarsa na kwance ta hagu, ya kuma daina ɓoye ta.

A kasuwa ya zama abin kallo. Ya faɗi kuɗi sau ɗaya ya yi shiru. Matan da suka zo da shirin ja-in-ja sai su rasa abin yi, wata ma ta ji haushi ta ce ya raina ta ne. In ya samu abin da zai ciyar da gida, ragowar ba ta kwana, sai ya san wace bazawara ce ba ta hura wuta ba, wane makaho ne bai karya ba. Kulu mace ce mai baki, kuma gaskiya ni ban ga laifinta ba, don zama da irin Mode sai mai ƙarfin hali. Sau da dama ya ce bana zai tara guzuri ya koma, sau da dama guzurin ya bi ta ƙofar maƙwabta. Wata shekara har ya kai ga sayen jaki, sai ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, jakin ya koma gero ya shige tukwanen unguwa. Ran nan Kulu ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, kai dai ba ka gani na. Mutumen da kaka son zuwa gani, shi yat toshe maka hanya. Da bai koya maka wagga ɗabi'a ba, da yanzu ka tahi ka dawo."

Mode ya san gaskiya ta faɗa. Amma ya ce, "To in na tara na hana ma mutane, da wace huska za ni gaishe shi?" Kulu ta ɗauki muciyarta tana gunaguni, amma a ranar naman da ke cikin miya duk a kwanonsa ta zuba.

Da limamin masallacin unguwa ya rasu, dattawa suka duba suka ga babu wanda ya kai Mode tsare salla da tsare baki, ga shi Larabcinsa ya nuna a tafiya. Suka shirya za su zo masa bayan la'asar, Malam Lawwali mai makarantar unguwa a gaba. Labari ya riga su. Da suka iso, Mode ya daɗe da ɓacewa cikin gonar dawar surukinsa a Dundaye. Sai dai shi ya koyi darasin da Tadurus bai koya ba. Kafin ya gudu sai da ya sallami Kulu da yara, ya nemi gafararsu, ya kuma ce, "In dattawa na, ba ki san inda nike ba. Amma in wani baƙo yaz zo daga arewa shina cigiyata, ki aiko maza, ko da za a naɗa ni liman goma." Kulu ta ce ita ba za ta yi wa dattawa ƙarya ba, za ta dai ce ya shiga dawa, in suna iyawa su bi shi. Ya kwana biyu sauro na cinsa, har aka naɗa wani.

Bayan ya dawo Malam Lawwali ya same shi a zaure. Ba faɗa ya zo yi ba, abin ne ke damunsa tsakani da Allah.

"Mode, gudun limanci ba aibi ba na, magabatanmu ma sun guje shi. Amma ina jin tsoro. Wanga so da kaka yi ma Banasare, ba ka ganin shina taɓa maka imani?"

Mode ya ajiye basilla. "Allah shi gafarta malam, ban ɗauko addininai ba, shi ma bai ce in ɗauka ba. Ina kwance ban san gabas ba, shi yan nuna min alƙibla. Ƙahwag ga da nika takawa zuwa masallaci, a cinyatai ta warke. Hisabinai na wurin Allah, ba wurina ba. Ni dai godiya ta nika riƙe da ita, ta yi min nauyi, na rasa mai kai min."

Malam Lawwali ya ja tasbaha, ya ce Allah ya kawo mai kaiwa. Daga ranar shi ma in ya ji an dawo daga gabas yakan aiko a gaya wa Mode.

Shekaru suka tafi. Yari ya rasu, Junaidu ya rasu, Malam Lawwali ma ya bi su. Tukur ya gaji sana'a, da hannun dama. Yanar tsufa ta rufe wa Mode ido har ya zama da yatsa yake gani, amma zuwa zango bai fasa ba, sai dai yanzu da sanda. Shi ma ya san lissafi, ya san Tadurus, da a shekaru ya haife shi, ba zai kai yanzu ba sai wani iko na Allah. Amma ya ce ko kabarinsa ne a samu wanda zai tsaya a kai ya ce Mode na Sakkwato ya gode. Wani lokaci yana cikin saƙa sai hannunsa ya tsaya, Kulu ta leƙo ta gan shi ya juya fuska gabas maso arewa, bakinsa na motsi. Ta san maganar da yake maimaitawa, ta kuma daina tsokanarsa a kai.

Ana nan sai aka ce Alhaji Na'Allah na unguwar Gidan Dahala, mai fataucin tufafi, ya dawo bayan shekaru a gabas. Mode ya ɗauki sanda da hantsi ya tafi. Zaure cike da masu barka da zuwa, aka matsa masa wuri. Bayan gaisuwa ya yi tambayarsa, wasu samari na ƙunshe dariya.

"Wallahi Baba, ban biya ta can ba," in ji Na'Allah. "Ta kogi munka bi. Ka yi hanƙuri. Ga dabinon Masar, sa albarka."

Ya turo kwandon tsaraba gabansa. Mode ya ce ba komai, ya saba. Ya miƙa hannu yana laluben dabino, sai yatsunsa suka sauka a bakin kwandon. Suka tsaya. Ya bi ɗinkin a hankali, ya ji yana kwance ta hagu. Ya ce a ransa ai bahago ba shi kaɗai ba ne a duniya. Ya ci gaba da bi, yana kewayawa, har yatsansa ya faɗa cikin ɗan kunne, a ƙulle ta waje. Ganyen dabino ne, ba kaba ba, kuma sabo ne, ko dauɗa bai yi ba.

"Alhaji," in ji shi, "ina kas samu wanga kwando?"

"Kasuwar Masar, Baba. Ai cike take da irinai. Ni har na kushe shi don a rage min, nac ce ɗinkin baibai na. Mai saidawa yac ce hakanan Nasaran Kwarin Kanwa ka yin nasu duka, an yi an yi su gyara sun ƙiya. Wai wani tsoho nasu mai ido guda, ya daɗe da rasuwa, shi yak koya ma na bayanai, kuma da hagu yas sa su riƙa basilla. Wai yac ce hannun wani baƙonai na, Basudane, da yat tahi bai samu ya raka shi ba. Abin ya dame shi har ya mutu. Yac ce kar a sake ɗinkin, ko Allah na sa wani kwando shi kai garinsu baƙon, shi san ba a manta da shi ba."

Na'Allah ya kai nan sannan ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ya dubi hannun Mode, ya dubi kwandon, ya ce, "La ilaha illallahu." Samarin nan suka sunkuyar da kai.

Mode bai ji su ba. Ashe duk shekarun nan da yake tare fatake, can ma wani yana zuro kwanduna daga kan ganuwa yana aiko su duniya. Ya jawo kwandon ya rungume a ƙirji, dabino na zubewa a tabarma. Ya ji baƙin ciki, don ya tabbata ba za su gana ba a duniyar nan, ya kuma ji wani sanyi da bai taɓa ji ba tun ranar da aka ɗora shi a raƙumi. Ya gyara zama kamar mai gaida babba, ya faɗi maganar da ya daɗe yana ajiya, a gaban kowa, da ƙarfi.

"Baba Tadurus, na gode. Na tahi ban sallame ka ba, ka yahe min. Rakiyar da ba ka yi min ba, na yahe. Ga shi ka rako ni har gida."

Na'Allah ya juye sauran dabinon a faifai ya bar masa kwandon. Mode ya koma Gidan Dare da shi a hammata, ya sa Tukur ya kafa masa ƙusa a zaure daidai inda hannunsa zai kai daga zaune, ya rataye shi ta ɗan kunnen. Kulu ta shafa ɗinkin, ta shiga ɗaki ta jima ba ta fito ba.

Bayan 'yan kwanaki aka ji hayaniya a hanya, ana cewa babban ayari ya sauka daga arewa. Kulu ta ɗauko sandarsa kamar yadda ta saba, ta miƙa masa. Mode yana tsakiyar dajiya, basilla a hannun hagu, bai ɗago ba.

"Maishe ta, Kulu," ya ce. "Mun yi sallama."